Binciken FEAST da Ƙarin Ruwan Gaggawa ga Yara

Shekara da shekaru, idan aka kawo yaro asibiti da zazzaɓi mai tsanani, hannuwa sun yi sanyi, bugun jini ya raunana, abin da aka koya wa likita shi ne ya ɗura masa ruwa ta jijiya da sauri. Daga asibitocin Turai da Amurka aka gaji wannan koyarwa, kuma ba a taɓa auna ta da babban gwaji na ƙuri'a a kan yaran Afirka ba.

Binciken FEAST, ƙarƙashin jagorancin Kathryn Maitland, shi ya auna ta. An ɗauki yara 3,141 a asibitoci shida na Uganda da Kenya da Tanzaniya, aka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka ba su ruwan gishiri da sauri, wasu ruwan albumin, wasu kuma aka bar su da ƙarin ruwa a hankali. Cikin awa 48, kashi 10.5 cikin ɗari na masu ruwan gishiri suka rasu, masu albumin kashi 10.6, waɗanda ba a yi wa gaggawar ba kuwa kashi 7.3. A farkon 2011 aka dakatar da binciken tun bai kai ƙarshe ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dalilin da ya sa idon likita bai gano wannan ba. Yaron da aka ɗura wa ruwa yakan farfaɗo cikin awa guda, tafin hannunsa ya yi ɗumi, bugun jini ya dawo, uwa ta sauke ajiyar zuciya. Idan ya cika da daddare, sai a ce ciwon ne ya fi ƙarfinsa. Bambancin yara uku cikin ɗari ya fi ƙarfin lurar mutum guda komai ƙwarewarsa, domin ba ya ganin abin da zai faru da wannan yaron da an bar shi.

Sai dai wanda ya karanta sakamakon ya tsallake sharuɗɗan shiga binciken zai yi ɓarna. Ba a saka yaran da amai da gudawa suka ƙarar musu da ruwan jiki ba, haka masu tamowa mai tsanani da masu ƙuna ko rauni. Fiye da rabin waɗanda aka saka suna da zazzaɓin cizon sauro, kusan kashi ɗaya bisa uku na fama da matsanancin ƙarancin jini, asibitocin kuma ba su da injin taimaka wa numfashi.

Wannan siffa ta yi daidai da yaran da ke cika asibitocinmu a Kano ko Maraɗi da damina, don haka hujjar ta hau kanmu kai tsaye. Amma a daminar ce kwalara ke ɓulla. Yaro biyu na iya kwanciya a gado ɗaya, dukkansu hannuwa da sanyi. Mai kwalarar, wanda ido ya faɗa, fata ta saki, ruwa yake bukata da gaggawa, kuma FEAST bai ce komai a kansa ba.