Lambun Worlitz, makarantar da ba ta da bango

A bakin kogin Elbe, a jihar Saksoni-Anhalt ta ƙasar Jamus, akwai lambun Worlitz, wanda Yarima Franz na Anhalt-Desau ya shimfiɗa bayan ya dawo daga Ingila. An kammala fadar da ke cikinsa a 1773. Saɓanin lambunan sarakunan zamaninsa, ƙofarsa a buɗe take ga talaka. Da gangan yariman ya bar gonaki da garkuna a ciki, domin manoma su ga sabbin dabarun noma da idonsu. A 1774 kuma aka buɗe wata makaranta a Desau inda yara ke koyo ta hanyar wasa da aikin hannu, maimakon hadda da bulala. UNESCO ta sanya yankin cikin gadon duniya a 2000. Shekara biyu bayan haka, ambaliya ta shanye lambun Luisium da ke kusa da Desau.