Gayauna

A gidan manomin Bahaushe na da, ɗa ba ya barin hannun ubansa rana ɗaya. Ko ya yi aure, ko ya haihu, yana cikin gandu. Da sassafe ya bi uba da ƙannensa gona, a yi noma har azahar, amfanin ya shiga rumbun gida. Uba kuwa nasa ne ciyarwa, da fartanya da garma, da kuɗin haraji, da auren fari. Haka mai bincike Polly Hill ta tarar da abin a Batagarawa, kusa da Katsina, a 1967, ta kuma rubuta shi a littafinta na 1972.

Ni dai abin da ya fi kama mini rai a tsarin nan gayauna ce. Uba zai yankar wa ɗa 'yar gona daga gefe, ya noma ta da yamma ko ranar Juma'a, abin da ta bayar kuma nasa ne, ba mai taɓawa. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, samari da yawa suka riƙa cika gayaunarsu da ita. Daga nan ake samun akuya, daga akuya a kai ga keke, ko jarin koli na rani.

Kawuna ya sha ba mu labarin ranar da kakanmu ya ba shi tasa. Ya tsaya gindin tsamiya ya nuna da sanda: "Daga nan zuwa gamban can taka ce. Kada ka zo kana tambayata me za ka shuka." Kawuna ya makara da shuka, ruwa ya ɗauke, gyaɗar ta ƙi. Da ya dawo yana cewa, "Baba, bana ban sami komai ba," tsohon bai yi masa faɗa ba, bai kuma biya masa asarar ba. Tuwonsa na dare dai yana nan a akushi. Wannan hikima nake ƙauna: yaro ya ɗanɗani asara tun tana ƙarama, yunwa kuma ba ta kusance shi ba.

Gandu ya yi ta sassautawa. Rabon gado ya tsinka gonaki, cin rani da boko da aikin albashi suka janye samari, sannan a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji, wanda yana cikin igiyoyin da ke ɗaure ɗa da uba.

Yau gidaje cike suke da samari masu digiri. Muna ciyar da su, muna ba su kuɗin mota, amma ba mu yanka musu komai ba. Inda al'adar ta rage da sauran numfashi shi ne kasuwa. A Kantin Kwari har gobe akwai iyayen gida da ke barin yaro ya ajiye 'yan yadinsa a gefen shago, ya ci ribarsa, kafin ranar da za a yaye shi a ba shi jari.