Daga Kogon Itace zuwa Amya: Tarihin Ɗauke Gidan Zuma da Ransa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan yi wa zuma kirari da cewa "ga zaƙi ga harbi". Kalma guda ya ɗora wa siffofin biyu, alhali zaƙin na ruwan ne, harbin kuwa na ƙwaron. Idan ya so ya bambance sai ya ce "ƙudan zuma", wato ya raɗa wa ƙwaron suna daga abin da yake samarwa. Yarabanci ma ya haɗa su a kalmar oyin, Ibo kuwa ya juya tsarin, ya kira ruwan mmanụ aṅụ, wato man ƙudan zuma. Tsarin sunan na Hausa yana nuni da inda ido ya fara sauka: a kan abin lasa, kafin mai yin sa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ɗan'adam ya kai ga raba gidan zuma da kogon itace, ya mayar da shi amya ba tare da ya hallaka shi ba. Abin da ake nufi da "gidan zuma" a nan shi ne al'ummar ƙudan gaba ɗaya, da uwarsu da ƙwansu da saƙarsu. Za a nuna cewa ɗebo zuma daga kogo sana'a ce ta dubban shekaru, amma ɗauke gidan da ransa bai zama aiki mai ƙa'ida ba sai a tsakiyar ƙarni na 19, bayan an gano abubuwa biyu: matsayin uwar gidan, da ratar da ƙudan ke bari tsakanin saƙa da saƙa.

2.0 Zamanin Farauta

Daga cikin tsofaffin shaidu akwai zanen dutse na kogon Araña, kusa da Balensiya a ƙasar Sifen, wanda aka ƙiyasta shekarunsa da kimanin 8,000. Yana nuna mutum ya hau igiya, ya zura hannu cikin rami, ƙudan na kewaye da shi. A duwatsun Matobo na Zimbabuwe kuma akwai zanen wani mutum yana kara hayaƙi a bakin gidan zuma. A Afirka ta Yamma, Ibn Baɗuɗa ya ba da labarin cewa a tafiyarsa ta shekarar 1352 daga Walata zuwa Mali ya ga manyan itatuwa masu kogo, waɗansu sun tara ruwan sama, waɗansu kuwa ƙudan zuma ne a ciki, mutane na ɗibar zumarsu. Masana sun fahimci cewa kuka yake nufi.

Tsarin aikin kusan ɗaya ne a ko'ina. Akan jira dare, a kunna damin ciyawa, a kara wa bakin kogon, sannan a faɗaɗa ramin da gatari a kwashe saƙa duka, mai zuma da mai 'ya'ya. Ƙudan da wuta ba ta ci ba sai su watse. Mafarauci ya sami zumar rana ɗaya, amma ya rasa gidan, sau da yawa ya rasa itacen, domin kogon da aka farke ba ya sake riƙe wani gida, wutar da aka bari kuma takan ci daji.

3.0 Amya: Kogon da Mutum ya Ƙera

Mataki na biyu shi ne mutum ya ƙera wa ƙudan kogo da hannunsa. A wurin bautar rana na Fir'auna Nyuserre da ke Abu Ghurab a Masar akwai sassaƙen dutse na wajen shekara ta 2400 kafin Miladiyya, mai nuna amyoyi a jere da ma'aikata suna sarrafa zuma. A dazuzzukan Polan da Rasha kuwa, mutane sun riƙa fafe itace yana tsaye da ransa don ƙudan su shiga, daga baya suka koma yanko gungumen da gidan ke ciki su kafa shi kusa da gida. Wannan wata hanya ce ta ɗauke gida da rai, sai dai da kogon ake ɗaukarsa, ba a raba su ba.

Bahaushe ya bi wata hanya dabam. Amyarsa doguwa ce kamar ganga, akan saƙa ta da ciyawa ko kara a yaɓe ta da kashin shanu, wani lokaci kuma a yi amfani da tulu ko fafaffen gungume. Akan turara cikinta da abubuwa masu ƙanshi, a ɗora ta a ɗaure a reshen ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya, a jira. Idan wani gida ya cika ya rabu, ɓangaren da ya fita neman masauki sai ya tarar da ita ya shiga. Ke nan Bahaushe bai sauko da ƙudan daga itace ba, kogon ya kai musu can sama.

Duk waɗannan amyoyi suna da aibi guda. Ƙudan sukan liƙa saƙa a jikin bango, don haka ba a iya duba cikin gida sai an karya. A Ingila a da, lokacin da ake kiwo a kwandon ciyawa da aka kife, al'ada ce a turara wa gidajen da suka fi nauyi farar wuta a ƙarshen kaka, a kashe su kafin a kwashe zuma.

4.0 Abubuwa Biyu da aka Gano

Abu na farko ya shafi babban ƙudan nan guda ɗaya da ke tsakiyar kowane gida. Aristotal ya ɗauke shi sarki, aka tafi a kan haka ƙarnuka masu yawa. A shekarar 1609 Charles Butler na Ingila ya wallafa littafin da ya yaɗa ra'ayin cewa mace ce, sannan Jan Swammerdam na Holan ya feɗe ta ya ga mahaifar ƙwai. A ƙarni na 18 Adam Schirach na Jamus ya nuna cewa gidan da ya rasa ta yana iya rainon wata daga ƙaramar tsutsa, muddin ba ta wuce kwana uku da ƙyanƙyashewa ba. A rubuce-rubucen Hausa na zamani ana kiranta "sarauniya", fassara daga harsunan Turai, amma "uwa" ta fi dacewa da aikinta, domin ba ta mulki. Ƙwai take zubawa, har sama da 1,500 a rana idan furanni sun wadata, ƙanshin jikinta kuma shi ke riƙe gidan wuri ɗaya. Daga nan aka fahimci cewa wanda ya kwaso ƙudan dubu goma ba uwa, ba ƙwai, bai ɗauko gida ba.

Abu na biyu ya shafi gini. A shekarar 1851 Lorenzo Langstroth, wani limamin coci a Filadelfiya ta Amurka, ya lura cewa idan aka bar ratar milimita 6 zuwa 9 tsakanin abu da abu, ƙudan kan bar ta a matsayin hanyar wucewa. In ta fi haka ƙanƙanta sai su toshe ta da danƙo, in ta fi haka faɗi su cike ta da saƙa. Sai ya ƙera akwati mai firam-firam na katako da ke rataye, da wannan rata a kowane gefe, ya yi rajistar ƙirar a 1852. Waɗansu sun riga shi gwada saƙa mai ciruwa, kamar François Huber na Suwizalan da Petro Prokopovych na Yukren a 1814, amma ƙirarsa ce ta yaɗu. A shekarun 1870 kuma Moses Quinby ya haɗa gwangwanin hayaƙi da zugazugi, hayaƙi ya zama abin lallashi bayan ya daɗe yana abokin wuta.

5.0 Yadda ake Ɗauke Gida

Da waɗannan abubuwa biyu aikin ya sami tsari, kuma bai canza sosai ba har yau. Akan busa hayaƙi kaɗan a bakin kogo, a buɗe shi a hankali, a fara yanko saƙar zuma a ajiye gefe, domin nauyinta da danƙonta kan danne ƙudan. Daga nan sai saƙar 'ya'ya, wadda ita ce ran gidan. Akan yanka ta daidai girman firam, a ɗaure da zare ko roba, samanta na kallon sama kamar yadda take a kogo, a jera ta bisa tsarinta na asali. Ana gaggautawa, saboda 'ya'yan na bukatar ɗumin da ya kai kusan digiri 35. Cikin 'yan kwanaki ƙudan za su liƙa saƙar da kansu, su ciccije zaren su fitar da shi waje.

Sai neman uwa. Idan an gan ta akan sa ta a ɗan keji a cikin amya. Alamar cewa ta shiga ita ce a ga ƙudan sun jeru a bakin ƙofa, sun ɗaga bayansu suna fifita da fukafukai, suna watsa ƙanshin kiran 'yan'uwa. Akan bar amyar a gindin itacen har magariba don waɗanda suka fita kiwo su dawo, sannan a toshe tsohon kogon. In za a gusa da ita, to a kai ta nisan kimanin kilomita 5, in ba haka ba ƙudan za su koma inda suka sani.

Idan ba a son a taɓa itacen akwai wata dabara. Akan rufe bakin kogo da mazurarin raga mai barin fita ba shiga, a ajiye amya mai saƙar ƙwai a gefensa. Masu dawowa sai su faɗa amyar, su raini sabuwar uwa. Aikin kan ɗauki mako biyar zuwa shida, kuma tsohuwar uwa ba kasafai take fitowa ba.

6.0 Halin Zumar Afirka

An gina wannan ilimi a kan ƙudan Turai, masu tara abinci don hunturu, masu jure taɓawa. Na Afirka ta Yamma, wato Apis mellifera adansonii, sun fi zafin kare gida, kuma idan an dame su ko furanni sun ƙare sukan tashi gaba ɗaya su bar saƙa. Saboda haka gidan da aka ɗauko daga kogo da wahala yana iya wayar gari ya yi ƙaura. Wannan hali shi ne ya sa dabarar Bahaushe ta ɗora amya a jira ta dace da ƙasarsa: inda ƙudan ke yawan rabuwa da yawo, tarko ya fi farmaki riba.

A farkon shekarun 1970 masana daga Jami'ar Guelph ta Kanada, tare da takwarorinsu na Kenya, suka fito da amya mai siffar kwami, wadda aka rufe samanta da sandunan katako a jere, kowace sanda da saƙarta a rataye. Kafinta na ƙauye yana iya yin ta, kuma sanda ɗaya ake ɗagawa a lokaci guda, sauran gidan na rufe. Ta yaɗu a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya. Abin lura shi ne, akasarin masu ita ba sa farke kogo don cika ta. Kaki suke shafa wa sandunan su jira, kamar yadda masu amyar ciyawa suke yi tun da.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tarihin ya bi matakai uku, kuma Hausa tana da lafazin kowanne: ɗibar zuma, ɗora amya, da kiwon zuma. A na farko ruwan ake nufi, a na biyu masaukin, a na uku kuwa ƙwaron da kansa, domin ba a kiwon abin da ba shi da rai. Matakan uku suna tafiya tare a ƙasar Hausa har yanzu, sai dai manyan itatuwa masu kogo suna raguwa saboda sara da faɗaɗa gonaki, gidan da ya tare a itacen tsakar gari ko rufin makaranta kuma galibi da wuta ko maganin ƙwari ake tarbarsa. Bayanin yadda za a ɗauke shi da rai yana bukatar kalmomi tsayayyu na uwa da saƙar 'ya'ya da ratar ƙudan. Kafin a ƙirƙiro sababbi, ya kamata masu nazarin harshe su fara tattara waɗanda ke bakin tsofaffin masu amya, karin harshe bayan karin harshe, tun suna raye.