Tawada Biyu: Daga Kurtun Wurno Zuwa Firinta

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komowa. Rubutu kuwa dabara ce ta ɗaure magana don ta jira wanda bai zo ba tukuna. Sai dai ɗaurin iri-iri ne: wani yakan shekara ɗari biyu bai kwance ba, wani damina guda ta ishe shi. Abin da nake son nunawa shi ne, magabatanmu na ƙasar Rima sun san wannan bambanci sarai, mu kuwa da muka sami na'urar da ke buga shafi cikin ƙiftawar ido muna neman mance shi.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Garin bai tsaya ga tsaron iyaka ba, matattarar malamai ce da magatakarda. Littafi irin Infaƙul Maisuri, wanda Bello ya wallafa a 1812, ba shi da hanyar yaɗuwa sai hannu ya kwafe shi harafi bayan harafi. Takardar ma baƙuwa ce: daga arewacin Italiya ake sarrafo ta, ta ratso Sahara a bayan raƙuma, wanda ya ɗaga ta ga haske zai ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba a yi masa riƙon sakainar kashi.

Saboda haka malami yake da tawada biyu. Ta farko ta gawayi ce da ƙaro, ta allo, wadda aka yi ta musamman don ta wanku: almajiri ya haddace, ya wanke, ya ɗora sabon karatu. Ta biyu ita ce ta littafi, wadda ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe, ta kama jikin takarda ta zauna. Babu magatakardan da zai tsoma alƙalami a kurtun allo ya rubuta wasiƙar sarki. Shi ya sa har yau ake karanta rubuce-rubucen wancan zamani a gidan adana tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato.

Raunin rubutun hannu ƙarancin kwafi ne. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya dawo wurin Bello a 1826, cikin tsarabarsa har da littafin lissafi na Uƙlidus da Larabci. Clapperton ya ruwaito cewa Bello ya yi murna ƙwarai, domin kwafin da gidansu ya mallaka, wanda aka samo daga Makka, gobara ta cinye shi. Wuta ɗaya, littafi ya salwanta. Wannan ciwo ne maɗaba'a ta zo ta yi wa magani.

Ta iso Arewa ne tare da boko. Sa'ad da Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya zama hakimin garinsu a 1934, aikin gunduma ya riga ya koma na rajistar haraji da rahoto, tafireta kuma ta fara ƙara a ofisoshin En'e. A Zariya, gasar Hukumar Talifi ta 1933 ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A shekarun 1930 ɗin ne kuma aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, aka tilasta wa ƙarfen Turawa ya koyi bakin Bahaushe. Amma maɗaba'a tana nesa, tana hannun hukuma. Talakan Rabah mai karantawa ne, ba mai bugawa ba.

Firinta ce ta sauko da maɗaba'a kan tebur. A 1984, shekarar da aka kammala gina madatsar ruwan Goronyo, kamfanin HP na Amurka ya fitar da LaserJet ta farko. An daɗe kafin irinta ta iso shagunan kwamfuta na garuruwanmu, amma yau duk ɗalibin da zai rubuta JAMB, da duk mai neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa, sai ya tsaya gabanta. Iri huɗu muka sani, kowace da halinta da cutarta.

Dattijuwarsu ita ce mai allurai, wadda aka daɗe ana jin kukanta a bankuna. Allurai tara ko ashirin da huɗu ne ke dukan ƙyallen tawada, ɗigo-ɗigo har harafi ya tashi. Da yake duka take yi, tana iya fitar da kwafi biyu ko uku a lokaci guda da takardar kabon. Ƙura ba ta cika damunta ba. In rubutunta ya dusashe, ƙyallen ne ya bushe. In farin layi ya ratsa haruffa daga farkon shafi zuwa ƙarshe, allura ɗaya ce ta karye.

Ta biyu mai feshin tawada ce. A bakin kurtunta akwai ƙofofi da suka fi silin gashi ƙanƙanta, ta nan take tofa ɗigon tawada. Ta Canon da ta HP zafi suke sa wa tawadar ta yi kumfa ta tunkuɗo ɗigon. Ta Epson kuwa wani ɗan sinadari ne ke motsawa in lantarki ya taɓa shi, ya matso tawadar waje. Hunturu da bazarar Sakkwato suna wahalar da ita: in ta kwana biyu ba aiki, tawada ta daskare a ƙofofin, shafi ya fito da zane-zane ko launi ɗaya ya ɓace. Akwai umarnin wanke kai a cikinta, amma yana shan tawada. Rigakafi ya fi magani: a buga ko da shafi guda kowane mako, a lulluɓe ta in an tashi.

Ta uku, mai leza, ba ta san ruwa ba. Asalinta dabarar da Chester Carlson ya gano a 1938, wadda ta haifi fotokwafi. A cikinta akwai ƙarfe mai siffar ganga da ake ɗora wa cajin lantarki. Hasken leza ya zana shafin a kansa, garin tawada, wanda masu shago ke kira tona, ya manne a inda aka zana, ya koma kan takarda, sannan takardar ta bi ta tsakanin naɗi biyu masu zafin da ya kusa digiri 200, garin ya narke ya kama. Wanda ya fahimci wannan ya san cutarta. In rubutu na gogewa da yatsa, zafin bai kai ba, sau da yawa kuma ƙaramin janareta ne ya kasa ɗaukarta. In tabo ɗaya na maimaituwa a tazara ɗaya, gangar ce ta ji rauni. In ta riƙe takarda da damina, laima ce ta manne shafukan: a kaɗa su kafin a saka, a goge tayoyin roba da ɗanyen tsumma, wadda ta maƙale kuma a jawo ta sannu, kada a fizga.

Auta ita ce ta na'urar POS, wadda dillalan albasa da tafarnuwa na Goronyo da Wurno suka saba da ita. Ba ta da tawada ko kaɗan. Takardar ce aka shafa wa sinadarin da ke baƙi in zafi ya taɓa shi. Rana da zafin aljihu kuwa ba su daina aiki a kanta ba, cikin 'yan watanni sai ta koma fara fat, ko ta yi baƙi ƙirin. Wannan allo ne, ba littafi ba. Duk da haka na sha ganin manomi ya naɗe irin wannan rasit a leda, yana ajiyarsa a matsayin shaidar kuɗin amfanin gonarsa na shekara.

Ambaliyar 2010, wadda ta ci garuruwa da gonaki a bakin Rima, ta yi mana jarrabawar da ba mu nema ba. Bayan ruwa ya janye, na taya wani kawuna shanya takardun akwatinsa. Waɗanda aka buga da mai leza sun yamutse amma suna karantuwa. Yarjejeniyar jinginar fadamarsa kuwa, da aka buga masa a wani shago da mai feshi, ta zama shuɗin tabo, babu suna babu adadi. Da shaidun ba su da rai da amana, da fadamar ta tafi. Ranar da aka buga ta, babu wanda ya tambayi irin tawadar, shi da mai shagon duka.

Akwai kuma cutar da ba ta inji ba ce. Sau da yawa firinta kan fitar da ɗan akwati a gurbin ƙ ko ɗ, sai mai bugawa ya huta da wahala ya sa k da d, ƙafa ta koma kafa, ƙare ya koma kare. Salon haruffan da aka zaɓa ne ba shi da su, canza shi kuma aikin minti ɗaya ne. Abin da aka sha fama aka kafa a zamanin dalma bai kamata ya zube a zamanin kwamfuta ba.

Ba ina kiran a koma ga alƙalamin kara ba ne. Firinta ta warkar da ciwon da ya raba Bello da littafinsa, domin yau kwafi goma ba ya fi ƙarfin ɗalibi. Kirana shi ne mu gaji ilimin kurtu biyu. Takardar gona da ta gado da sakamakon jarrabawa a buga su da mai leza, a yi kwafi, a raba wurin ajiya. Rasit na POS mai nauyi a yi masa fotokwafi tun yana karantuwa. Mai shagon kwamfuta shi ne magatakardan wannan zamani, kuma kafin ya danna maɓalli, haƙƙi ne a kansa ya tambayi mai takarda: wannan ta wankewa ce, ko ta ajiya?