Kuɗin bincike, daga Kano zuwa Madarunfa

Bara na zauna rubuta takardar neman tallafi don ɗan binciken da nake so in yi kan zawon yara a wajenmu, Mallawa. Na sa kuɗin isansin moto, na fotokopi, na abinci. Wani malaminmu ya duba ya ce, "To, ina kuɗin wanda zai zauna ya yi wa iyaye bayani?" Ni dai lokacin gani nake ɓarnar kuɗi ce. Shi ya tura ni karanta labarin Kano.

A 1996 sanƙarau ya yi ɓarna a ƙasar Hausa. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Kano ya gwada maganinsa Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfani ya musanta. Aka yi ta shari'a har 2009, inda aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Shekara goma sha uku! Kuma da aka zo ƙin ɗigon foliyo a 2003, wannan labarin na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi.

Sai na Madarunfa, jihar Maraɗi. Daga 2014 Epicentre, reshen bincike na MSF, ya gwada rigakafin zawon da ƙwayar rota ke kawowa a kan jarirai sama da 3,500. Kamfanin Serum na Indiya ya haɗa shi, MSF da gidauniyar Kavli suka biya. Abin da ya burge ni shi ne tambayar da aka zuba wa kuɗin: rigakafin da ke jure zafi ko ba firigo. Wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙauyen da ba lantarki, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sakamako ya fito a 2017: ya rage zawo mai tsanani na ƙwayar rota da kusan kashi 67 cikin ɗari. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.

Amma fa ko nan, kuɗin daga waje suka zo, kamar na sashen yara na likitar Magarya da MSF ke tallafa wa. Wannan yana ci min rai, ba zan ɓoye ba.

Na koma na gyara takardata. Na rage fotokopi, na sa jaka talatin ta matan da za su shiga gida-gida su yi bayani da Hausa, har da gaya wa uwa tana iya cewa a'a. Har yanzu ina jiran amsa.