Ɗaukar hoton namun daji a tsakiyar birnin Kano

A yankunan Bichi da Dambatta da Makoɗa da ke arewacin jihar Kano, da wuya mutum ya yi tafiyar sa'a guda bai taka gonar wani ba. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin yadda ƙauyukan da ke kewaye da Kano suka cika da jama'a, har kusan kowane fili ya zama gona. Manyan namun daji sun ƙaurace wa wannan yanki tuntuni, sai dai a tatsuniya.

Shi ya sa mai son ɗaukar hoton zaki ko kura daga can, ba daji yake nufa ba, birni yake shiga.

Gidan Zoo

An buɗe gidan ajiye namun daji na Kano ne a farkon shekarun 1970, zamanin gwamna Audu Bako, wanda aka sa wa wurin sunansa. A wancan lokaci wurin yana gefen gari, amma yanzu gidaje da shaguna sun yi masa ƙawanya. A watan Oktoban 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa, lamarin da ya tayar da hankalin maƙwabta kafin a shawo kansa. A 2020 kuma gwamnatin Abdullahi Ganduje ta bayyana aniyar mayar da gidan zuwa Tiga.

Sai dai akwai bambanci tsakanin wannan da gandun daji na ainihi. Misalin da ya fi shahara shi ne na Nairobi a Kenya, wanda aka kafa a 1946, mai faɗin murabba'in kilomita 117, inda ake ɗaukar raƙumin dawa da karkanda suna kiwo, ga dogayen benaye a bayansu. Na jihar Kano, wato Falgore, yana can kudu a kan hanyar Jos.

Abin da ke sake

Hoton dabba a bayan ƙarfe bai cika ɗaukar ido ba. Abin da ya fi cancantar a yi masa haƙuri shi ne wanda ba a tsare ba: tsuntsayen da ke sauka kan manyan itatuwa don ra'ayin kansu.

Hasken sassafe da na bayan la'asar sun fi dacewa, domin ranar tsaka tana ƙone launi. Hazon hunturu yana dusashe abin da ke nesa, ƙurarsa kuma tana shiga gilashin kyamara, don haka ba a canza gilashi a fili.

A nan ɗan ƙauye ya fi ɗan birni sa'a. Shamuwa tana isowa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya cikin gari. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, saboda haka duk tsuntsun da ya sauka a kansa a fili yake ga mai kyamara.