Yadda Google ya shiga ƙasar Sin, da yadda ya fito

Tarihin namu na yau na wani kampani ne da kusan kowa ke ɗauke da shi cikin aljihu, wato Google. Ɗalibai biyu na jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, su suka kafa shi a 1998. Da suka kai shi kasuwar hannun jari a 2004, sai suka rubuta wa masu zuba kuɗi cewa takensu shi ne kada su zama mugaye. Faɗa da baki ba wuya. Ba a yi shekara biyu ba aka gwada wannan magana a ƙasar Sin.

Tun shekarar 2000 Google yana da shafi cikin harshen Sinanci, amma na'urorinsa suna wajen ƙasar. Duk abin da mutumin Beijing ya nema sai ya ratsa ta katangar da gomnati ta gina wa intanet. Shafin ya yi ta nauyi, wani lokaci ya ƙi buɗewa, a watan Satumba na 2002 ma an toshe shi gaba ɗaya na wasu kwanaki. A gefe guda ga Baidu, kampanin ɗan ƙasa da Robin Li ya kafa, yana bin dokar gomnati sau da ƙafa, yana kwashe masu bincike. Kuma kasuwar ba ta wasa ba ce: a farkon 2006 masu amfani da intanet a Sin sun haura miliyon 110, suna ƙaruwa kullum.

To, sai shugabannin Google suka yi lissafi. Suka ce rabin labari ya fi babu. A watan Janairu na 2006 suka buɗe Google.cn a cikin ƙasar, suka yarda su riƙa tace sakamako da hannunsu. Wanda ya nemi labarin kisan dandalin Tiananmen na 1989, ko Tibet, ko ƙungiyar Falun Gong, ba zai ga abin da sauran duniya ke gani ba. Sun dai gindaya wa kansu sharuɗɗa biyu. Duk inda aka cire wani abu, za a rubuta a ƙasan shafi cewa an cire saboda dokar ƙasa. Sannan ba za su ajiye wasiƙun Gmail na mutane a cikin Sin ba. Wannan na biyun darasi ne suka ɗauka daga Yahoo, wanda ya miƙa wa hukuma bayanan wani ɗan jarida, Shi Tao, aka ɗaure shi shekara 10.

A gida Amurka ba su sha da daɗi ba. A Fabrairun wannan shekara majalisar wakilai ta kira Google da Yahoo da Microsoft da Cisco. Ɗan majalisa Tom Lantos, wanda ya tsira daga kisan kiyashin da ƴan Nazi suka yi wa Yahudawa, ya wanke su tas a bainar jama'a, yana tambayarsu ko ba su jin kunya.

Abin da ya biyo baya, duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba da cin hanci sau ɗaya zai gane shi. Jerin abubuwan da ake son a ɓoye bai taɓa raguwa ba, sai ƙaruwa. A Maris na 2009 aka toshe YouTube, wanda mallakar Google ne. A Yuni talabijin na gomnati ya fito yana zargin kampanin da yaɗa batsa, aka tilasta masa rufe wasu ayyukansa. Duk da wannan biyayya, Google bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na kasuwar ba, Baidu na gaba da nisa.

Tura ta kai bango a Disamba na 2009. Injiniyoyin kampanin suka gano wasu daga Sin sun yi kutse cikin kwamfutocinsu, sun saci sirrin aiki, kuma suna neman akwatunan Gmail na masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam. Ba su kaɗai aka taɓa ba, akwai wasu manyan kampanoni aƙalla 20. Ranar 12 ga Janairun 2010 babban lauyan Google, David Drummond, ya sanar cewa ba za su ci gaba da tacewa ba, ko da hakan na nufin rufe ofis. An ruwaito cewa shugaban kampanin, Eric Schmidt, ya so a zauna. Brin ne ya kafe. Shi a Moscow aka haife shi, iyayensa suka baro Tarayyar Sobiyet yana ƙaramin yaro, ya san warin irin wannan mulki. Wasu matasa suka riƙa ajiye furanni a ƙofar ofishin Google na Beijing kamar gidan makoki. Ranar 22 ga Maris aka karkatar da masu bincike zuwa shafin Hong Kong, inda babu tacewa. Zuwa 2014 gomnati ta toshe kusan komai nasu, har Gmail.

Mutane da yawa sun yi tafi, kuma a gani na sun cancanci wani abu daga cikin tafin. Amma a duba asusu. A 2009 Google ya samu sama da dala biliyan 23, kuma abin da ke fitowa daga Sin ɗan ƙaramin kaso ne. Barin rumfar da ba ka ciniki sosai ya fi sauƙi a kan barin wadda ke ciyar da gidanka. Waɗanda suka biya kuɗin su ne masu bincike na Sin, da aka bar wa Baidu shi kaɗai. A 2016 wani ɗalibi mai fama da ciwon daji, Wei Zexi, ya rasu bayan iyayensa sun kashe dukiya a kan wani magani da ya samo ta tallar da aka biya Baidu ya ɗora a sama. Sai da hukuma ta sa baki aka rage irin waɗannan tallace-tallace.

Kuma kwaɗayin bai mutu ba. A Agustan 2018 jaridar intanet The Intercept ta fallasa cewa Google na ƙera wata manhajar bincike mai tacewa a ɓoye, mai suna Dragonfly, don ya koma. Wannan karon ba majalisa ce ta fara tada jijiyar wuya ba, ma'aikatansa ne: kimanin 1400 suka sa hannu a takardar ƙorafi, wasu suka ajiye aiki. A Yulin 2019 wani babban jami'in kampanin ya shaida wa majalisar dattawan Amurka cewa an dakatar da aikin.

Har yau dai kuɗin Sin na shiga aljihun Google, domin kampanonin can na biyansa tallar kayansu a ƙasashen waje. Hatta Tecno da Itel da ke hannunmu a nan, na kampanin Transsion ne na birnin Shenzhen, kuma da Google a ciki suke iso mana, alhali mai ɗaura su a masana'anta ba zai iya buɗe shi a tasa wayar ba sai ta ɓarauniyar hanya. Shi kuwa taken nan na kada a zama mugaye, a 2018 aka ɗauke shi daga gabatarwar kundin ɗa'ar ma'aikata, aka bar shi a jimla ta ƙarshe.